Kusurwar Baƙi: Tarihin Masu Bin Ƙungiyarsu Zuwa Gidan Wani a Ingila

Duk wanda ya saba kallon gasar Firimiya a gidan kallon ƙwallo ya san abin da kan faru idan ƙungiyar baƙi ta jefa ƙwallo a raga. Filin da ke ɗauke da mutum dubu hamsin ko sittin sai ya yi tsit, in ban da wata 'yar kusurwa da kan ɓarke da sowa, 'yan wasan da suka ci kuma su ruga can su tsaya gaban mutanensu. Waɗanda ke wannan kusurwa su ne magoya bayan da suka baro garinsu, wasu tun kafin ketowar alfijir, domin su shafe minti casa'in a tsakiyar jama'ar da ba ta yi musu fatan alheri.

A yau dokar gasar ta wajabta wa mai masauki ya ware wa baƙi kujeru 3,000, ko kashi goma cikin ɗari idan filin bai kai cin mutum 30,000 ba, kuma ba a sayar musu da tikiti sama da fam 30. Kafin a kai ga wannan tsari an shafe fiye da shekara ɗari ana gwaji da kuskure. An taɓa yi wa baƙon ɗan kallo dariya, an taɓa tsoronsa, an taɓa kulle shi a keji, an kuma taɓa hana shi shiga fili baki ɗaya. Wasu daga cikin darussan sai da aka yi asarar rayuka kafin a koye su.

Jirgin ƙasa da rabin ranar Asabar

Abubuwa biyu ne suka haifar da baƙon ɗan kallo, kuma babu ɗayansu da ya fito daga filin wasa. Na farko jirgin ƙasa. An buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, kuma a 1841 Thomas Cook ya yi hayar jirgi ya kwashi kimanin mutum 500 daga Leicester zuwa Loughborough domin taron masu yaƙi da shan giya, kowa a kan sule ɗaya. Daga nan kamfanonin jiragen ƙasa suka gane cewa akwai riba a kwasar talakawa da araha zuwa taro a dawo da su a rana guda. Na biyu kuwa lokaci. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu su tashi aiki da ƙarfe biyu na ranar Asabar, sannan a hankali wannan hutu ya bazu zuwa sauran sana'o'i. Wannan ne asalin al'adar take wasa da ƙarfe uku na ranar Asabar, wadda har yanzu Turawan Ingila ke riƙe da ita.

Gasar Kofin FA ta fara ne a matsayin wasan 'ya'yan manya. Wasan ƙarshe na farko, a 1872 a filin Kennington Oval da ke Landan, 'yan kallo kimanin 2,000 ne suka halarta. Al'amura sun sauya lokacin da ƙungiyoyin garuruwan masaƙu na arewacin Ingila suka fara kaiwa wasan ƙarshe. Blackburn Rovers ta kai a 1882 ta sha kashi a hannun Old Etonians, sai Blackburn Olympic ta rama wa garin a 1883 da ci biyu da ɗaya. Ma'aikatan masaƙu suka biyo su a jirgin ƙasa, da yawansu ba su taɓa ganin Landan ba. Jaridun birnin suka riƙa yi musu ba'a, suna kushe tufafinsu da karin harshensu da yawan hayaniyarsu, kamar wasu mahara ne suka faɗo wa gari. Tun daga ranar farko, ashe, da ido biyu aka karɓi baƙon ɗan kallo.

A 1888 William McGregor na Aston Villa ya jagoranci kafa gasar lig da ƙungiyoyi goma sha biyu, shida daga Lancashire, shida daga tsakiyar ƙasar, babu ko ɗaya daga Landan. Ginshiƙin tsarin shi ne kowace ƙungiya ta kara da kowace sau biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje. Blackburn da Burnley da Accrington da Preston da Bolton duk maƙwabtan juna ne, tafiyar ɗan lokaci a jirgi, saboda haka mai tashi aiki da rana yana iya cim ma wasan maƙwabta. A Glasgow ta Sikotlan kuma, magoya baya sun kafa 'yan ƙungiyoyin unguwa suna haɗa kuɗi su yi hayar manyan kekunan doki, su kafa tuta, su nufi filin abokan hamayya.

Kofin ne dai ya fi jan matafiya. Wasan ƙarshe na 1901 tsakanin Tottenham da Sheffield United a Crystal Palace ya tara sama da mutum 110,000. A ranar 28 ga Afrilun 1923, da aka buɗe Wembley da wasan Bolton da West Ham, alƙaluman hukuma sun ce mutum 126,047 ne suka shiga, amma an yi ƙiyasin ainihin adadin ya haura 200,000, har jama'a suka malala cikin fili sai da 'yan sanda a kan dawakai suka tura su gefe kafin a take wasa.

Zamanin da babu shinge

Duk da haka, har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu bin ƙungiya waje kowane mako biyu ba al'ada ba ce. Ma'aikaci ba shi da kuɗin, kuma yana aiki da safiyar Asabar. Idan ƙungiyarsa ta yi tafiya mai nisa, sai ya je ya kalli 'yan wasanta na ajiya, ko ma ya leƙa filin maƙwabciyarta. Tafiya mai nisa abin buki ce da ake yi wa tanadi. 'Yan Sikotlan kan yi adashi na shekara biyu domin zuwa Wembley kallon wasan ƙasarsu da Ingila.

A wancan zamani ba a raba 'yan kallo. Yawanci a tsaye ake kallo a kan matakala, baƙo ya biya kuɗinsa a ƙofa ya tsaya inda ya samu, kafaɗa da kafaɗa da ɗan gari. A filaye da dama jama'a kan sauya ɓangare lokacin hutun rabin lokaci, kowa ya koma bayan ragar da ƙungiyarsa za ta kai wa hari. Faɗa da jifa da bin alƙalin wasa da gudu duk sun faru tun ƙarni na 19, sai dai a matsayin tsautsayin rana ɗaya aka ɗauke su, kuma baƙi ba su da yawan da za a ji tsoronsu. Baƙo raɓa ne a lokacin, kafin rana ta take ya gushe.

Jirgin musamman da kejin ƙarfe

Daga tsakiyar shekarun 1950 abubuwa suka juya. Albashi ya ƙaru, aikin safiyar Asabar ya ragu, matasa suka samu kuɗin kashewa. Hukumar jiragen ƙasa ta riƙa ware jirage na musamman masu araha domin 'yan kallo, an kuma buɗe babbar hanyar mota ta M1 a 1959. A karon farko dubban samari suka riƙa tafiya tare, ba iyaye ba manyan unguwa, zuwa garin da babu wanda ya san su. Tun a shekarun 1950 jaridu suka fara ba da labarin taragun da magoya baya suka farfasa a hanyar dawowa.

A shekarun 1960 matasan kowace ƙungiya suka mallake ɓangaren bayan raga ɗaya a filinsu, suna rera waƙoƙi, suna ɗaukar wurin tamkar unguwarsu. Sai wata gasa ta ɓullo a bayan gasar ƙwallo: baƙi su kutsa wannan ɓangare su kori masu shi. Talabijin, wanda ya fara nuna taƙaitattun wasannin lig duk Asabar daga 1964, ya sa kowane gungu ya ga abin da wani gungu ke yi. Shekarar 1974 ta zama mahaɗa. Manchester United ta faɗa rukuni na biyu, dubban magoya bayanta suka riƙa mamaye ƙananan garuruwan da ba su saba da irin wannan taro ba. A watan Agustan shekarar aka daɓa wa wani matashi mai goyon bayan Blackpool wuƙa har lahira a filin ƙungiyar, ranar wasansu da Bolton.

Amsar da hukumomi suka bayar ita ce ƙarfe. Aka gitta shinge tsakanin baƙi da 'yan gida, aka kafa dogayen shingaye tsakanin 'yan kallo da fili, aka yanka matakalai zuwa ƙananan kejuna. 'Yan sanda da karnuka da dawakai su tari baƙi a tashar jirgi, su kora su zuwa fili kamar garke, su tsare su bayan an tashi har sai 'yan gari sun watse. Abin mamaki shi ne, ainihin 'yan dabar sun kuɓuce wa wannan tarko. Sun daina shiga jiragen musamman da sanya kayan ƙungiya, suka koma shiga jiragen fasinja na yau da kullum cikin tufafi masu tsada. Gungun West Ham ma daga sunan irin waɗannan jirage ya samo sunansa, Inter City Firm. Wanda ya rage a cikin keji shi ne talakan ɗan kallo da bai zo da niyyar komai ba sai kallon ƙwallo. Wake ɗaya ya ɓata gari, aka hukunta buhun gaba ɗaya.

Shekarar 1985

A ranar 13 ga Maris 1985 magoya bayan Millwall suka cika ɓangaren baƙi a filin Luton Town fiye da ƙima, suka tsallaka cikin fili, suka ciccire kujeru suna jifan 'yan sanda, ƙasar duka tana kallo a talabijin. A ranar 11 ga Mayu gobara ta kashe mutum 56 a wata tsohuwar rumfar katako a filin Bradford City, kuma a wannan rana katanga ta faɗa wa wani yaro ɗan shekara 15 a Birmingham yayin rikicin wasansu da Leeds. Ranar 29 ga Mayu, a filin Heysel da ke Brussels, kafin wasan ƙarshe na Kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, wasu magoya bayan Liverpool suka keta ɗan siririn shingen da ya raba su da wani ɓangare da aka ce na 'yan ba-ruwanmu ne, alhali Italiyawa ne suka cika shi. Jama'a suka gudu suka matse a jikin katanga, katangar ta rushe, mutum 39 suka mutu, akasarinsu Italiyawa. Aka haramta wa ƙungiyoyin Ingila shiga gasannin Turai na shekara biyar, Liverpool kuma shida.

A wannan yanayi ne tunanin kawar da baƙo baki ɗaya ya samu karɓuwa. Shugaban Chelsea, Ken Bates, ya kafa waya mai lantarki a saman shingen filinsa, sai dai hukumar birnin ta hana a kunna ta. Luton, ƙarƙashin shugabanta David Evans, ta hana magoya bayan baƙi shiga filinta daga kakar 1986, ta mai da shiga sai da katin zama mamba. Da ta ƙi ba magoya bayan Cardiff City tikiti, aka kore ta daga gasar Kofin Lig na wannan kaka, amma ta ci gaba da haramcin na shekaru. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ga abin koyi a nan, ta shigar da tsarin katin shaida ga duk mai son shiga filin ƙwallo cikin dokar 'yan kallo ta 1989.

Hillsborough

Ranar 15 ga Afrilun 1989 Liverpool da Nottingham Forest suka haɗu a wasan daf da na ƙarshe na Kofin FA a filin Hillsborough da ke Sheffield. Filin ba na ɗayansu ba ne, saboda haka kowa baƙo ne. Liverpool ta fi yawan magoya baya, amma aka ba ta ƙaramin ɓangare na Leppings Lane, domin 'yan sanda na son kada hanyoyin ɓangarorin biyu su gitta. Mutum 10,100 masu tikitin tsayuwa aka tanadar wa ƙofofin shiga bakwai kacal. Da cunkoso ya yi tsanani a waje, kwamandan 'yan sanda David Duckenfield ya ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofar fita da ƙarfe 2:52, ba tare da an toshe mashigar da ke kaiwa ga kejuna biyu na tsakiya ba, waɗanda tuni sun cika. Jama'a suka kwarara ciki. Na gaba suka matse a jikin shingen da aka kafa domin hana su shiga fili. An tsayar da wasa mintuna kaɗan bayan ƙarfe uku. Adadin mamata ya kai 96, ya kuma zama 97 a 2021 bayan rasuwar wani da ya shafe shekara 32 yana jinyar raunin da ya samu a ranar.

Shekaru ashirin na ɗaukar matafiyi a matsayin mai laifi ne suka shirya wannan rana. Da mutane suka fara hawa shinge suna neman numfashi, tunanin farko na jami'an tsaro shi ne kutse ake yi. Bayan haka aka yi ƙoƙarin ɗora wa mamatan laifi. Duckenfield ya shaida wa jami'an hukumar ƙwallo cewa magoya baya ne suka ɓalle ƙofa, maganar da daga baya ya amsa cewa ƙarya ce. Jaridar The Sun ta buga zarge-zargen da babu gaskiya a cikinsu, abin da ya sa har yau mutanen Liverpool da yawa ba sa sayenta. Binciken Mai Shari'a Taylor ya gano cewa babban musabbabin shi ne gazawar 'yan sanda wajen sarrafa taron. Rahotonsa na ƙarshe a Janairun 1990 ya nemi manyan filaye su koma na kujeru zalla, ya kuma soki tsarin katin shaida, gwamnati ta jingine shi. Shingayen gaban fili suka fara sauka. Iyalan mamatan kuwa sai a ranar 26 ga Afrilun 2016, bayan shekara 27, suka ji masu taimaka wa alƙali sun yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da hannu a ciki. An gurfanar da Duckenfield daga baya, kotu ta wanke shi a 2019.

Daga keji zuwa aljihu

Gasar Firimiya ta fara a 1992 da kuɗin talabijin, filaye suka gyaru, kyamarorin tsaro da dokar hana fitinannu shiga fili suka sa ana iya kama mai laifi shi kaɗai. Sai wata matsalar ta maye gurbin ta da. Tikiti ya yi tsada, kuma ana sauya ranar wasa da lokacinsa domin jin daɗin masu kallo a gida, ko da hakan na nufin baƙo ba zai samu jirgin komawa ba. A Janairun 2013 magoya bayan Manchester City suka mayar da tikiti sama da 900 da Arsenal ta sa wa fam 62. Gamayyar magoya baya ta ƙasa ta fara gangamin neman a tsayar da tikitin baƙi a fam 20. A Maris 2016 ƙungiyoyin gasar suka amince da fam 30, daga baya kuma aka wajabta a zaunar da wani sashe na baƙi a gefen fili maimakon can ƙololuwar rumfa.

Ba tausayi kaɗai ne ya kawo wannan ba. Abin da gasar ke sayar wa duniya, har da gidajen kallon Kano da Zariya da Maraɗi, ya haɗa da amo da hamayyar da ke tashi daga rumfuna, kuma baƙi ne ke tsokano 'yan gida su rera. Annobar korona ta nuna nauyin 'yan kallo a fili: a kakar 2020/21, da aka buga kusan duk wasanni ba kowa a rumfa, baƙi sun yi nasara sau 153, masu masauki sau 144, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin babbar gasar ƙasar. Tsohon kallon da ake yi wa matafiyi dai bai mutu ba. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Faris ranar 28 ga Mayun 2022, 'yan sandan Faransa sun harba wa magoya bayan Liverpool barkonon tsohuwa alhali suna matse a bakin ƙofa, hukumomi suka fara ɗora musu laifi, sai wani bincike mai zaman kansa a 2023 ya ce hukumar UEFA ce ke da babban alhaki.

Inda baƙo ba ya zuwa

Wasu ƙasashen sun bi hanyar Luton. Ajantina ta hana baƙi halartar wasannin lig a 2013, bayan mutuwar wani mai goyon bayan Lanús a arangama da 'yan sanda a La Plata, haramcin ya haura shekara goma, rikici kuma ya ci gaba tsakanin gungu-gungu na ƙungiya ɗaya. A Masar, ranar 1 ga Fabrairun 2012, sama da mutum 70, kusan dukkansu magoya bayan Al Ahly da suka je Port Said, aka kashe bayan wasa da Al Masry, aka shafe shekaru ana buga gasar ba 'yan kallo.

A Najeriya babu dokar da ta hana baƙo zuwa, hanya da fargaba ne suka hana shi. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kuma ko 'yan wasa ba su tsira ba: a Maris 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Nasarar waje ta daɗe tana wuya a gasar, har Pillars ta shafe shekara goma sha biyu, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida ba a wasan lig, kafin Nasarawa United ta karya tarihin. Wasannin da suka fi kama da na Lancashire a 1888 su ne na maƙwabta, irin na Kano da Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 ba, kuma su ne suka fi zama abin ɗar-ɗar. A Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a filin Sani Abacha, hukumar gasar ta ci tarar Pillars, ta zaftare mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Abuja.

Hukunci irin wannan yakan zo ne bayan an yi ɓarna. Abin da ya sauya al'amura a Ingila ya fi wannan ƙanƙanta a ido: tikiti mai lamba da adadin da aka sani tun kafin ranar wasa, ƙofar shiga ta baƙi mai isasshen faɗi, jami'an da aka horar kan sarrafa taro, da kama mutumin da ya yi jifa maimakon rufe filin garinsu. Kowanne daga cikin waɗannan an san shi tun kafin 1989, kuma rahotanni sun sha ba da shawararsu. Sai da mutum 97 suka bar gida domin kallon wasa ba su koma ba kafin aka aiwatar.